Zubi da Kakin da Ya Ɓata: Aiki Ɗaya, Suna Biyu

Ɗan mutum-mutumin kada ko raƙumi na tagulla da kakin zuma ake fara shi. Maƙeri yakan siffanta dabbar da kaki, ya lulluɓe ta da yumɓu, ya bar ƙaramar kafa. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, sai a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa, a fasa yumɓun bayan ya huce. Saboda haka siffar farko ba ta tsira, kuma ba a samun dabbobi biyu iri ɗaya sak. Da wannan dabara Asantawa suka riƙa ƙera ƙananan dabbobin awon zinariya har wajen 1900.

Harsuna biyun da ɗalibin Madarunfa ya tashi da su sun kalli aikin ta fuskoki daban. Faransanci ya ce *cire perdue*, wato kakin da ya ɓata. Hausa ta ce *zubi*, daga aikatau *zuba*, ta dubi shigar ƙarfe. Haka nan *tagulla* takan haɗe abin da Faransanci ya raba uku: *cuivre*, *laiton* da *bronze*. Mai fassarar da bai san matakan aikin ba zai sauya ma'ana bai ankara ba. Sunayen matakan suna bakin maƙeran fari, kuma can ya kamata mai nazari ya nemo su.