Fuska Ta Faɗaɗa, Launi Ya Dusashe: Ba Lallai Allon Ne Ya Mutu Ba

Tun daga 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, ɗalibin Rimin Gado ba ya rabuwa da shagon buga takardu. Shi ya zo ciro sakamako, manomi ya zo cike fom, dangin ango sun zo a tsara katin ɗaurin aure. Yawancin injinan da ke wannan hidima na hannu ne, HP ko Dell irin waɗanda ake samu a titin Beirut da ke Kano, an haɗa injin wata da allon wata.

Koken da aka saba ji shi ne: an kai kwamfuta an yi mata fomatin, ta dawo rubutu ɓaro-ɓaro, gumaka manya-manya, fuskar mutum a hoton fasfo ta baje kamar faifai. Sai mai shago ya ce allo ya mutu, ya fara lissafin kuɗin mota da na sabon allo. Sau da yawa kuwa allon lafiyarsa lau.

Duk hoton da ke kan allo tarin ɗigo ne ƙanana da ake kira fiksel, kuma kowane allo mai faifai yana da adadin da aka ƙera shi da shi. Mai kusurwa huɗu na inci 17 yana da 1280 a kwance da 1024 a tsaye. Mai faɗi na inci 18.5 yana da 1366 da 768. Idan injin ya turo 1024 da 768 zuwa wannan mai faɗin, allon zai ja hoton ya cike gurbi, komai ya ƙara faɗi da kusan kashi ɗaya bisa uku.

A nan ɓarnar take. Yaron shago yana ganin fuska ta yi faɗi, sai ya matse ta a CorelDraw har ta yi daidai a idonsa. Hoton asali ba shi da aibu, yaron ne yanzu ya lalata shi, firinta ta fito da doguwar fuska siririya wadda mai ita ma zai yi musunta. Gwajin mai sauƙi ne: a danne Ctrl a zana da'ira. In ta fito kamar ƙwai, saitin allo ne ya karkace, kada a taɓa hoton.

Gyaran a Windows 10 da 11 shi ne a danna maɓallin dama na linzami a fili, a zaɓi “Display settings”, a ɗauki adadin da aka rubuta wa “Recommended”. Idan babu shi a jerin, direba ce babu, wato manhajar da ke fassara tsakanin Windows da sashen hoto na injin. A buɗe “Device Manager”. Ganin “Microsoft Basic Display Adapter”, ko “Standard VGA Graphics Adapter” a Windows 7, shaida ce mai fomatin bai kammala aikinsa ba. A sauke direbar daga shafin kamfanin da ya ƙera injin, da lambar samfurin da ke jikinsa. Shafukan da ke alkawarin gyara dukkan direbobi kyauta sukan cusa wa kwamfuta tarkacen talla, wani lokacin har da ƙwayar cuta.

Launi ma yana da ma'auninsa. Bit 8 na ba da launi 256 kacal, bit 16 na ba da 65,536, bit 24 ko 32 kuwa sama da miliyan 16. A ƙaramin ma'auni kumatun mutum kan fito da dabbare-dabbare, sararin sama ya zama layi-layi. Tun daga Windows 8 aka tsayar da shi a 32, don haka matsalar ta fi damun masu XP da Windows 7. Su kuma su sani Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu, 2020.

Idan kuwa allon gaba ɗaya ya rine, a fara tuhumar waya. Wayar VGA mai shuɗin kai, wadda IBM ta fito da ita a 1987, tana da ƙusoshi 15, uku na farko su ke ɗauke da ja, kore da shuɗi. In kore ya yanke, allo ya koma ruwan hoda. In shuɗi ne, ya koma rawaya. Ƙurar hunturu da yawan cire-saka lokacin da ake kwashe kaya da dare sun isa su lanƙwasa ƙusa ɗaya. A kashe injin, a duba kan wayar da fitila, a kaɗe ƙurar, a mayar a ɗaure ƙusoshin gefe biyu, sannan a danna “Auto” a jikin allon.

Wani kuma garin gwaji yakan zaɓi adadin da ya fi ƙarfin allo, ya yi baƙi ya rubuta “Out of range”. Kada a taɓa komai. Bayan daƙiƙa 15 Windows za ta koma inda take da kanta. In ta ƙi, a Windows 7 ana sake kunnawa ana danna F8, a zaɓi ƙaramin hoto na 640 da 480, daga nan a gyara.

Tsohon allo mai ƙusumbi dai kada wanda ba gwani ba ya kwance bayansa, domin yana aiki da wutar da ta haura bolt 20,000, kuma yakan riƙe saura ko an zare shi daga soket.

Kafin a ɗora allo a mota a nufi Kano, a ari waya da allon maƙwabci na minti biyar. In hoton ya gyaru da sabuwar waya, kuɗin waya kaɗai za a kashe. In matsalar ta biyo har allon maƙwabcin, to tana cikin injin, can ne mai gyara zai duba.