Gano Masassaƙin Tsohon Goge da Asalinsa: Misalin Gogen "Almasihu"

Gabatarwa

Goge, a wurin Bahaushe, ƙoƙo ne da aka rufe da fata, aka ɗaura masa tsirkiyar izgar doki, ana goga ta da wata izgar. Turawa ma suna da nasu gogen na katako mai tsirkiya huɗu, wanda suke kira bayolin, wanda kuma ya sami siffar da aka san shi da ita a arewacin Italiya cikin ƙarni na 16. A garin Kiremona ne Andrea Amati ya kafa gidan wannan sana'a, a can ne kuma Antonio Stradivari ya yi aikinsa har ya rasu a 1737. An ƙiyasta cewa Stradivari ya sassaƙa kayan kiɗa fiye da 1,000, kimanin 650 daga ciki suka wanzu. A 2011 an sayar da wani gogensa na 1721, mai laƙabin "Lady Blunt", a kan fam miliyan 9.8 na Ingila. Duk inda suna ya yi irin wannan daraja, ba a rasa masu aronsa. Saboda haka tambayar ita ce: in aka ajiye tsohon goge a gaban mai bincike, da me zai gane wanda ya yi shi da inda aka yi shi? Shaidu huɗu ake kira, kuma gogen da ake ce wa "Almasihu", wanda ke ajiye a gidan tarihi na Ashmolean a Oksfod, ya isa misalin ƙarfin kowace shaida da rauninta.

Shaida ta farko: takardar suna

A cikin kowane goge akan manna wata 'yar takarda mai ɗauke da sunan masassaƙi da garinsa da shekara. Ta "Almasihu" ta ce Stradivari ne ya yi shi a Kiremona a 1716. Wannan ita ce shaidar da ido ke fara gani, ita ce kuma mafi rauni, domin ana iya ɓamɓare ta daga wani goge a manna a wani, ana kuma iya buga sabuwa a tsufar da ita. A ƙarni na 19 masana'antun Jamus da Faransa sun fitar da dubban goge masu araha ɗauke da sunan Stradivari, yawanci don nuna fasalin da aka kwaikwaya. Wanda ya saba da rubuce-rubucen ajami ya san irin wannan matsala: mai kwafar waƙa yakan kwafe sunan mawallafi da ramzin shekara gaba ɗaya, watau ramzin yana faɗin shekarar da aka wallafa waƙar, amma bai faɗi shekarar takardar da ke hannu ba.

Shaida ta biyu: hannun masassaƙi

Kowane gwani yana da ɗabi'ar hannu da ba ya iya ɓoyewa. Masana sukan dubi yanayin ƙugun gogen, da tudun fuskarsa da bayansa, da yankan ramukan sauti guda biyu, da naɗin da ke kan wuyansa, da launin man da aka shafe shi da shi. Masassaƙan Kiremona suna lanƙwasa gefen goge ne a jikin wani allon siffa da ake sawa daga ciki, kuma allunan Stradivari, masu alamar haruffa irin su G da PG, suna nan a gidan tarihin goge na Kiremona, ana iya gwada goge da su. Sai dai wannan shaida ta dogara ga idon masani, ido kuwa yakan ruɗu in mai kwaikwayo ya ƙware. Bugu da ƙari, da wuya a sami tsohon goge da ba a taɓa ba. Shi kansa "Almasihu", wanda ya shahara saboda kusan ba a kaɗa shi ba, an ƙara wa wuyansa tsawo a ƙarni na 19, an kuma sake masa turakun ɗaure tsirkiya.

Shaida ta uku: silsilar mallaka

Kamar yadda malamai ke bin isnadin labari daga baki zuwa baki, haka ake bin goge daga hannu zuwa hannu. Bisa ga riwayar da aka karɓa, gogen ya zauna a shagon Stradivari har bayan rasuwarsa, sa'an nan a 1775 ɗansa Paolo ya sayar wa wani basarake mai tara goge, Cozio di Salabue. A 1827 ya koma hannun wani dillali, Luigi Tarisio, wanda ya daɗe yana kai goge Faris yana kuma yabon wannan ɗaya ba tare da ya kawo shi ba, har makaɗi Delphin Alard ya kamanta shi da Almasihun da kullum ake jira bai bayyana ba. Daga nan laƙabin ya samo asali. Da Tarisio ya rasu a 1854, sai Jean-Baptiste Vuillaume na Faris ya saye tarinsa a 1855. Daga baya gogen ya shiga hannun gidan Hill na Landan, waɗanda suka sa shi cikin kayan kiɗan da suka ba Ashmolean kyauta a 1939.

Abin lura a nan shi ne, silsilar tana da gaɓa mai rauni. Gogen da mutanen Faris suka yi shekaru suna jin labarinsa ba su gani ba, sai ga shi ya fito sabo ful daga hannun Vuillaume, alhali kuwa Vuillaume yana cikin waɗanda suka fi kowa iya kwaikwayon aikin Stradivari. A ƙarshen shekarun 1990 Stewart Pollens, mai kula da kayan kiɗa a gidan tarihi na Metropolitan a Niyok, ya fito da shakkarsa fili, yana mai cewa bayanin da Cozio ya rubuta a kan gogensa bai dace da na Oksfod ta kowace fuska ba.

Shaida ta huɗu: itace

Fuskar goge da itacen sifurus ake yin ta, wani itace na ƙasashen sanyi wanda kan ƙara zobe ɗaya a jikinsa kowace shekara: mai faɗi in shekara ta yi kyau, siriri in ta yi tsanani. Bishiyoyin yanki ɗaya sukan yi jerin faɗi da sirantaka iri ɗaya, saboda haka in aka auna layukan da ke fuskar goge, aka gwada su da jerin da aka riga aka san shekarunsa, sai a gano shekarar zobe na ƙarshe. Peter Klein na Jami'ar Hambug ya auna daga hoto ya sami 1738. Da wannan ya tabbata, da magana ta ƙare, domin bishiyar da ke tsaye a daji a 1738 ba ta shiga hannun wanda ya rasu a 1737. Amma daga baya ya janye sakamakon. John Topham da Derek McCormick suka auna jikin gogen kansa suka sami 1682, sa'an nan wani binciken Henri Grissino-Mayer da abokansa, da aka buga a 2004, shi ma ya tsaya a shekarun 1680. Wannan ya dace da 1716, tun da masassaƙi yakan fere zobban da ke kusa da ɓawo, itacen kuma yakan yi shekaru yana bushewa.

Duk da haka, zoben itace iyakarsa ya nuna shekarar da ba a yi goge kafin ta ba. Ba ya faɗin sunan kowa, domin mai kwaikwayo yana iya samun tsohon katako. Abin da ya ƙara wa shaidar nauyi shi ne da aka gano cewa fuskar "Almasihu" daga bishiya ɗaya ta fito da ta wani goge da Pietro Giacomo Rogeri ya yi a 1710 a Biresha, garin da ke maƙwabtaka da Kiremona. Ke nan katakon yana hannun masassaƙan arewacin Italiya a zamanin Stradivari, kuma da wuya a ce ɓarin bishiyar nan ya jira shekara 140 kafin ya isa Faris.

Kammalawa

Yawancin masana sun tsaya a kan cewa "Almasihu" aikin Stradivari ne, kuma a 2016 an kai shi Kiremona aka nuna shi don cikarsa shekara 300. Ba shaida guda ce ta yanke hukuncin ba. Takardar suna ta yi da'awa, hannun masassaƙi ya goyi bayanta, silsila ta kawo shi da gaɓa ɗaya mai rauni, itace kuma ya ɗaure wannan gaɓar. Ƙa'idar ta wuce goge: ɗalibin da aka ba tsohon rubutu, da ma'aikacin da aka ɗora wa kula da kayan tarihi, ya kamata kowannensu ya tambayi abin da shaida take iya tabbatarwa da abin da ya fi ƙarfinta, ya kuma nemi shaidun da ba su dogara da juna ba, kafin ya rubuta sunan wani a kan abin da ke gabansa.