Ba kullum laifin sabis ba ne: Na'urorin da ke riƙe da intanet a shagunan Ikara, Maƙarfi da Kudan

A ranar kasuwar Maƙarfi, mai sayar da rake kan tsaya gaban mai POS yana jiran kuɗinsa su faɗo, sai a ce masa "babu sabis". Amsar da ɗalibi kan samu ke nan a shagon kwamfuta a Ikara ko Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan, lokacin da wa'adin rajista ke gab da cika. Sau da yawa kuwa, matsalar tana cikin shagon, ba a turken kamfanin waya ba.

Tun daga 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, harkar karatu ta jingina da waɗannan na'urori. Ko ɗaliban Kwalejin Kiwon Lafiya ta Shehu Idris da ke Maƙarfi ba sa rabuwa da aikin intanet.

Na'ura ta farko ita ce modem. Ita ce ƙofar gida: tana karɓo saƙo daga turken MTN, Airtel ko Glo, ta mayar da shi abin da kwamfuta ke fahimta. Daga nan sai rawuta, wadda ke raba intanet ɗin ga wayoyi da kwamfutoci, tana bai wa kowace lambarta don kada saƙon wani ya faɗa hannun wani. Ƙaramar MiFi da ake sakawa a aljihu ta haɗa ayyukan biyu, amma ba a yi ta don ɗaukar kwamfutocin shago guda ba.

Ta uku ita ce suwic, akwati mai jerin ramuka da ake cusa kebul. Aikinta haɗa kwamfutocin ɗaki ɗaya da juna da kuma babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai. A cibiyar jarrabawa, idan suwic ta mutu, duk kwamfutocin da ke kanta sun yanke, ko da sabis ya cika fal. Shi ma kebul ɗin yana da iyaka: idan ya wuce mita 100, saƙo kan fara rauni.

Manyan maƙiyan waɗannan na'urori a wannan yanki su ne ƙurar hunturu, tsawar damina da wutar janareta mai hawa da sauka.

Saboda haka, kafin mai shago ya sayi sabon layi ko ya sallami kwastoma, ya fara duba fitilun na'urorin. Idan wayarsa na buɗe shafi da irin layin da ke cikin rawuta, amma kwamfuta ta ƙi, to laifin na cikin gida ne. Wani lokaci kan kebul ne kawai ya saki, kuma matse shi na iya ceto rajistar ɗalibi.