Buhun Yuriya: Nawa Shuka Ke Ci, Nawa Ke Salwanta?

 Manoman Birnin Kudu da Gwaram, yau lissafi za mu yi tare, lissafin takin da muke zubawa amma bai shiga cikin amfanin gona ba.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na sinadarin naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Buhun kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7 da rabi ne. Masana na haɗa abin da aka zuba a hekta guda, su cire wanda ya shiga hatsi da kara, sauran shi ne abin tambaya. A duniya, hatsi ba ya cinye ko rabin abin da ake ba shi.

Kowace shuka da halinta. Masara maciyiya ce: a yankinmu ana ba da shawarar kilo 120 na naitirojin a hekta, sama da buhu 5 ke nan idan yuriya ce zalla. In aka watsa shi lokaci guda a ƙasa mai rairayi, ruwan Agusta ya sauko, sai ya wanke shi zuwa ƙarƙashin ƙasa da kwari. Shinkafar fadama ta fi ba ni tausayi. Manomi ya tsunduma cikin ruwa har ƙwauri, yana ɗiban farin taki daga kwano yana watsawa da rana tsaka, alhali kaso mai yawa zai tashi sama a matsayin iskar amoniya. Gero da dawa ba a cika ba su da yawa ba, asararsu kaɗan ce. Gyaɗa da wake kuwa, tuge guda ka duba saiwar: ƴan ƙullutun nan ne ke kamo naitirojin daga iska, don haka jibga musu yuriya ɓarnar kuɗi ce.

Naitirojin da ya nitse yana iya kaiwa rijiya a matsayin naitiret. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitiret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha, saboda haɗarinsa ga jarirai. Wanda ya gangara kududdufi kuma shi ke ciyar da gansakuka.

Kada a ɗauka muna cewa taki ya yi mana yawa. A taron takin zamani na Abuja a 2006, kukan shugabannin Afirka shi ne ƙarancinsa. Damuwarmu ita ce ɗan wanda aka sayo da tsada ya shiga shuka. A raba shi kashi biyu ko uku, a tona rami nesa kaɗan da gindin masara, a zuba, a rufe da ƙasa tana da danshi. Mai shinkafa ya rage ruwan fangali kafin ya sa. Ga ma'aunin da ya dace da irin ƙasarku, ku tuntuɓi malaman gona na hukumar raya aikin gona ta jiha, JARDA.