Ina Ya Kamata Manhaja Ta Ajiye Fayil Ɗin Saiti?

A ce wani malami a makarantar sakandare ta Sule Tankarkar ya gyara saitin wata manhaja a kwamfutar makaranta mai tsarin Linux. Gyaran nan a cikin wani ɗan fayil yake rubuce. To, ran da aka sabunta manhajar, ta zo da nata sabon fayil, wanne za a bari?

Ƙa'idar tsara fayiloli ta Linux, wadda ta fara fitowa a 1994, ta keɓe foldar /etc domin irin waɗannan fayiloli. Tsarin Debian kan dakata ya tambayi mai kula da na'ura idan ya tarar an taɓa fayil ɗin, sai dai wanda bai saba ba yana iya amsawa bisa kuskure, wahalarsa ta shafe.

Dabarar systemd, wadda ta bayyana a 2010, ta fi kwanta mini a rai. Asalin saiti yana zaune a /usr/lib, ba a taɓa shi. Gyaran malami kuwa yana /etc, kuma shi ake bi. Ɗaliban ilmin halittu za su tuna yadda DNA ke zama a cibiyar ƙwayar halitta, kwafinsa na RNA ya fita aiki. Idan gyaran ya ɓaci, sai malam ya goge shi, manhaja ta koma kan saitinta na asali.