Awa Ta Farko A Asibiti: Wa Ke Horar Da Masu Karɓar Gaggawa A Ƙasar Haɗeja?

A daren Talata, 15 ga Oktoban 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura ta jihar Jigawa, a kan hanyar Haɗeja. Jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi. Cikin mako guda waɗanda suka rasu sun haura 180. Masu sauran numfashi kuwa aka kwashe su a duk motar da ta samu, aka nufi asibitocin Ringim da Haɗeja, daga baya aka rarraba wasu zuwa manyan asibitoci na nesa.

Waɗanda suka tarbe su a ƙofa ma'aikatan da aikin dare ya faɗo wa ne: nas-nas, da likitan da ke kan kira, da duk wanda aka iya tasowa daga barci. Haka lamarin gaggawa yake, wanda ya tarar shi yake hawa. Saboda haka abin tambaya shi ne, me aka koya wa mai aikin daren nan, kuma yaushe rabonsa da a sake koya masa?

A ɗauki ƙuna kaɗai. Wanda ya ƙone sosai, ba ciwon fatar ne ke fara barazana ga ransa ba. Ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa daga jijiyoyi har ƙoda ta tsaya. Akwai lissafin da likitoci suka daɗe suna amfani da shi: mililita 4 sau nauyin mutum sau kason jikin da ya ƙone. Magidanci mai kilo 60 da wuta ta cinye kashi 40 cikin 100 na jikinsa yana buƙatar ƙarin ruwa kusan lita 10 a kwana guda, kuma rabinsa cikin awa 8 na farko, ana ƙirgawa daga lokacin da ya ƙone, ba daga lokacin da ya iso ba. Ma'aikacin da bai san haka ba zai rataya leda ɗaya tana ɗiga a hankali, ya juya ga wankin ciwo, yana ganin ya yi iya yinsa. Wanda ya sani kuwa zai fara leƙa hanci da baki: in ya ga gashin hanci ya babbake, murya ta dushe, ya san maƙogwaro na iya kumbura ya toshe nan da 'yan awoyi. Sannan kafin duk wannan sai ya goge ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko baƙin mai da 'yan uwa suka shafa da kyakkyawar niyya.

Ƙasar Haɗeja tana da nata kalandar gaggawa. Kogin Haɗeja yana samun ruwa daga kogunan Kano da Challawa, waɗanda aka datse a Tiga a 1974 da Challawa a 1992. Idan damina ta yi nauyi a Agusta da Satumba, ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, sai kogi ya bar gadonsa ya shiga gonakin shinkafa da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma, kamar yadda aka gani a 2022. Sai ga kifewar kwalekwale, ga ginin ƙasa da ya rufta wa masu barci, ga amai da gudawa, ga macizai da ruwa ya koro cikin mutane, ga yara masu zazzaɓin cizon sauro suna jijjiga. Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata ba ta jira ruwa ya janye. Kano kuwa tana da nisan kusan kilomita 200, idan ma hanya ta biyu.

Maganin gaggawa a matsayin fanni mai zaman kansa sabon abu ne a ko'ina. Amurka ta amince da shi a 1979. A Afirka ta Yamma, Ghana ce ta yi gaba: asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi ya fara horar da ƙwararru a 2009, tare da Jami'ar Michigan. A Najeriya sai a 2019 Kwalejin Horar da Manyan Likitoci ta Ƙasa ta buɗe wa fannin sashensa. Abin farin ciki ne, amma kada a ruɗi kai. Ƙwararre yana cin shekaru kafin ya fito, in ya fito kuma manyan asibitocin koyarwa ne za su fara riƙe shi, idan Ingila ko Saudiyya ba su riga su ba. Ba bana ba, ba baɗi ba, da wuya a gan shi yana kwana a Birniwa.

Don haka hankali ya fi karkata ga gajeren horo na waɗanda suke wurin. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Red Cross suka fitar da kwas na kwana 5 domin ma'aikatan sahun gaba. Ƙashin bayansa jeri ne guda biyar da ba a tsallake ɗaya: a duba hanyar iska, sai numfashi, sai gudanar jini, sai hayyaci, sannan a buɗe jiki a duba ko'ina. Amfanin jerin shi ne yana hana ido ya ruɗi mutum. Karayar da ƙashi ya fito tana da ban tsoro, amma harshen da ya koma ya toshe maƙogwaro shi ke kashewa cikin mintuna.

Bayan wannan jeri, abu na biyu shi ne tantance marasa lafiya da launi: ja ga wanda ba ya jira, rawaya ga mai ɗan jira, kore ga wanda zai iya bin layi. A nan ne ilimi ke karo da al'ada. A asibitocinmu, wanda ya riga zuwa, ko mai yawan 'yan rakiya, ko wanda aka yo wa waya daga sama, shi ake fara gani. Mai ihu yana da iska a huhu. Yaron da ya yi shiru a bayan uwarsa ne abin tsoro. A Blantyre ta ƙasar Malawi, gyara tsarin karɓar yara a ƙofar asibiti da horar da ma'aikata ya rage mace-macen yara sosai, kuma wannan aikin na cikin abin da aka gina kwas ɗin gaggawar yara na Hukumar Lafiya ta Duniya a kansa.

Wasu dabarun ma ba sa cin kuɗi. Wanda kububuwa ta sara, a ɗebi jininsa kaɗan a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, dafi ya shiga, yana buƙatar allurar maganin dafi. Malamin asibitin ƙauye zai iya wannan, in an nuna masa.

A takarda, ƙarin ilimi dole ne. Hukumar kula da likitoci ba ta sabunta lasisi sai da makin bita, haka ma hukumar nas-nas da ungozomomi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin hakan. Matsalar ita ce yadda bita ta koma a ƙasar nan: ɗakin taro a otel, majigi, shayi, alawus, takardar shaida. Sau da yawa wanda ke zuwa shugaban sashe ne da ya daɗe bai sa kanula ba, mai aikin dare kuma ba a sake shi saboda babu wanda zai riƙe masa. Alhali danna ƙirji da sa wa jariri iska aikin hannu ne, kuma bincike ya sha nuna cewa hannu yana mantawa cikin 'yan watanni idan ba a maimaitawa.

Jigawa ba ta rasa abin koyi a gida. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a babban asibitin Jahun kan gaggawar haihuwa da yoyon fitsari, inda ake koyo a gefen gadon mara lafiya, kullum, ƙarƙashin idon wanda ya fi sani. Ga makarantar koyon aikin lafiya a Jahun ɗin, ga ta jinya a Birnin Kudu, ga asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse. An kuma taɓa horar da direbobin tasha na ƙungiyar NURTW su riƙa ɗauko masu naƙuda daga ƙauyuka. Malamai suna nan kusa. Abin da ya rage shi ne su riƙa zuwa Haɗeja da Kafin Hausa da Malam Madori da 'yar tsanar gwaji a bayan mota, a yi atisayen awa ɗaya a ɗakin da ake aikin, da kayan da ke cikinsa, har da masu gadi da masu tura keken marasa lafiya, kuma a sa shi a watan Yuni, kafin ruwa ya yanke hanya.