Ilmi Da Tukunya: Abin Da Na Gani A Ƙasar Bagudo

Duk wanda aikin duba makarantu ya taɓa kai shi ƙasar Bagudo, a Jihar Kebbi, ya san Allah bai hana mutanenta abinci ba. Kogin Kwara yana shigowa Nijeriya ta wannan yanki, kusa da Lolo, ya ratsa ƙasar ya bar mata fadamun shinkafa. Sarkawa suna kama kifi, Fulanin Ka'oje suna da nono da man shanu, a tudu kuwa ga gero da dawa da wake da gyaɗa. Ta yamma ga iyakar Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahome kafin 1975, inda fatake suke bi ta Tsamiya zuwa Segbana. Amma duk da wannan albarka, in mutum ya zauna bakin asibiti ya dubi masu shiga, zai ga mata da yawa tafin hannunsu fari fat don ƙarancin jini. Wannan ya sa na tambayi kaina: shin karatun da muke koyarwa yana kaiwa har cikin tukunya kuwa?

A shekarar 2018 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi babban bincike a kan lafiyar jama'a, aka auna tsawo da nauyi da jinin dubban mutane. An tarar kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Da aka rarraba su bisa ga karatu, sai aka ga cikin waɗanda ba su shiga makarantar boko ba kusan biyu cikin uku ne abin ya shafa, cikin waɗanda suka wuce sakandare kuwa ba su kai rabi ba. Binciken nan kuma ya nuna kashi 66 cikin ɗari na yaran Jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, ba su kai tsawon da ya kamaci shekarunsu ba, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Yaro kuwa daga jikin uwa da kwanon uwa yake ginuwa.

To, kada wani ya ɗauka takardar shaida ce take ƙara jini. Mai karatu ya fi samun albashi, ya fi zama kusa da kasuwa da asibiti, saboda haka rabin amfanin nan na aljihu ne. Amma sauran rabin na sani ne, kuma shi ne namu mu malamai. Na sha sauka gidan masunci a bakin kogi, ya kama kifi kwando guda, ya ƙyafe shi, ya kai kasuwa duka, iyalinsa su kwana da tuwo da miyar da ba kome cikinta sai gishiri da barkono. Ba rowa ba ce. Shi a ganinsa in ciki ya cika an ci abinci. Ba wanda ya taɓa gaya masa tuwo ƙarfin aiki yake bayarwa, amma kifi da wake da nono su ne masu gina tsoka, hanta da nama da wake da ganye kuwa su ne masu ƙarfen da jini yake bukata. Macen da ta yi karatu takan san wannan, takan kuma iya buɗe baki ta ce wa maigida a rage kifi biyu don gida. Haka nan takan ji bayanin unguwarzoma a asibiti, ta sha ƙwayar ƙarin jini yadda aka ce.

Sai dai akwai ɗaya gefen, wanda ya fi shafarmu, mu ma'aikata. Binciken nan dai na 2018 ya tarar ƙiba mai wuce kima tana hawa tare da karatu: wajen mace ɗaya cikin shida a waɗanda ba su yi makaranta ba, amma kusan rabi a waɗanda suka wuce sakandare. Watau karatu ya kore wata cuta ta ƙofa, wata ta shigo ta taga.

Ba sai an je nesa ba. Na kwana wurin wani shugaban makaranta, mutumin kirki, da safe aka kawo mana burodi da shayi, ya zuba sukari ƙwaya biyar a kofinsa. Da rana farar shinkafa tana ninƙaya cikin mai, da lemon kwalba. Da na nemi fura, sai ya yi dariya ya ce wannan ai ta 'yan ƙauye ce. Shekararsa ba ta kai hamsin ba, amma ga maganin hawan jini bisa tebur. 'Yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, wajen Kandi da Malanville, da Faransanci suka yi nasu karatu, amma ma'aikacinsu ma dogon burodinsa yake saɓawa da safe. Harshen makaranta dabam, halin albashi ɗaya. Kakansa yakan yini a gona da ƙoshin fura, shi kuwa yakan yini bisa kujera, ya hau babur ko da zuwa masallaci ne.

Ga abin da likitoci suka tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai giram 5 a yini, watau bai cika ƙaramin cokali guda ba. Dunƙulen magi kuwa wajen rabinsa gishiri ne, ga shi ana jefa uku ko huɗu a miya, sa'an nan a ƙara gishiri. Sukari kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 a yini, alhali kwalbar lemo guda tana iya ɗauke da takwas ko tara. Ganye da 'ya'yan itace kuwa ana son a ci giram 400 kowace rana. Gero da dawa sun fi shinkafar da inji ya goge ta yi fari yawan ƙarfe da dusa mai gyara ciki. Daddawa, wadda wasunmu suke toshe wa hanci, cike take da abin gina jiki. Shan shayi bisa abinci yana rage ƙarfen da jiki zai tsotsa, amma lemon tsami da tumatir da gwaiba suna ƙara shi. Ashe abin da muka raina a kwanon iyayenmu shi ne masana suke yabo.

Gwamnati ta yi nata ƙoƙari. Tun 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin cikin gishiri don maganin maƙoƙo, a 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A cikin sukari da man girki da fulawa. A watan Nuwamba na 2015 a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance, noman ya bunƙasa. Amma doka ba ta shiga madafa, kuma yawan buhu ba shi ne kyawun miya ba. Wannan aiki sai malami da ma'aikacin da jama'a suke kallo.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta abu uku. Na farko, a raya lambun makaranta, a shuka zogale da rama da alayyafo da tumatir, yara su kai gida. Na biyu, in an zo darasin kiwon lafiya, a ajiye misalan abincin ƙasashen da yaro bai taɓa gani ba, a kawo kuka da kifi da nono cikin aji, a bayyana aikin kowanne. Na uku, wanda ya fi duka, a tsaya wa 'ya'ya mata su gama makaranta, domin yarinyar da take aji yau ita ce za ta riƙe ludayi gobe. Ku kuma akawuna da sauran ma'aikatan ƙaramar hukuma, ku tuna talaka yana duban kwanonku kamar yadda yake duban rigarku. In kuka raina fura, zai sayar da geronsa da nononsa ya sayi burodi da sukari, ya zaci ya ci gaba.

An ce ilmi gishirin zaman duniya. Gishiri kuwa ba a san amfaninsa ba sai ya shiga miya. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu yi aiki da abin da muka sani, amin.